Lissafin Dukiya Kafin Rabuwar Aure

Ba a ɗaura aure don a rabu. Amma idan zama ya ƙi, abin da kan kai ma'aurata gaban alƙali shi ne dukiyar da ba a rubuta ba.

A ƙasar Birnin Gwari dukiyar gida hatsi ce da dabbobi. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan gefen dajin Kamuku, jama'a sun watse, har da shaidun ɗaurin aure. An sake buɗe kara a 2024, dabba ta koma kuɗi. To, wa zai shaida cewa tunkiyar nan ta matar ce?

Shari'a ta bayyana haƙƙin kowa. Sadaki na mace ne, haka kayan ɗakinta da ribar sana'arta. Idan saki na kome ne, cinta da wurin kwananta suna kan miji har ta gama idda, wato tsarki uku, ko haihuwa in tana da ciki. In ita ce ta nemi hul'i, sai ta tanadi fansa, galibi sadakin da aka ba ta. Ciyar da 'ya'ya kuwa na uba ne, ko da suna hannun uwa.

Saboda haka, malam mai albashi, kafin ka furta saki ka ware kuɗin idda, ka biya bashin da ka ci a hannunta. A rubuta kome a takarda biyu, shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe ɗaya. Allah ya sa a rabu da mutunci, amin.