Idan Linux Ya Ƙi Buɗe Maka Faifai, Bincika Kafin Ka Goge

Duk wanda ya koma amfani da Ubuntu ko Linux Mint, ba ya daɗewa sai ya gamu da wannan matsala: ka soka filash ko faifan ajiya na waje, ya ƙi buɗuwa, ko ya buɗe amma ya hana ka zuba komai a ciki, ko kwamfutar ta ce ba ka da izini. Wasu nan take sai su yi wa faifan fomatin, garin neman gira su rasa ido. Alhali sau tari faifan lafiyarsa ƙalau, akwai dalilin da ya sa aka hana ka, kuma kowane dalili da nasa maganin.

Windows kan bai wa kowane faifai harafi, kamar C ko D. Linux kuwa komai nasa daga tushe ɗaya yake yin rassa, don haka sai an ɗaura faifai a wata folda kafin a ga abin da ke cikinsa. A GNOME da KDE da Cinnamon, wata manhaja mai suna udisks2 ce ke wannan ɗauri a ɓoye, polkit kuma ita ke yanke hukuncin ko sai ka ba da kalmar sirri. Ubuntu ya daɗe yana ɗaura faifai a /media/sunanka, Fedora kuma a /run/media/sunanka.

Tambayar farko: kwamfutar ta ma ga faifan? Buɗe tagar umarni ka rubuta lsblk -f. Za ta jero faifan da ta gani da irin tsarin kowanne, ko NTFS ne, ko FAT32, exFAT ko ext4. In bai fito ba, ba maganar izini ba ce. Sauya waya ko ramin USB. In kuma sudo dmesg ya nuna kurakuran karatu, faifan ya fara gajiya, sai ka kwashe kayanka tun da wuri.

Matsalar da ta fi yawa tana samun masu Windows da Linux a kwamfuta ɗaya. Tun daga Windows 8 da ya fito a 2012, Microsoft ya sa wani tsari mai suna Fast Startup. Idan ka kashe kwamfuta, Windows ba ya mutuwa gaba ɗaya, yakan adana halin da yake ciki don ya tashi da sauri. Linux in ya tarar da faifan NTFS a wannan hali, sai ya buɗe shi don karatu kawai ko ya ƙi taɓa shi, domin rubutu a kansa na iya lalata fayiloli. Maganin yana wajen Windows: shiga saitin wuta a Control Panel ka cire Fast Startup, ko ka ba da umarnin powercfg /h off a matsayin mai gudanarwa.

Haka ma yake faruwa idan an ɗauke wuta ana cikin kwafa, ko an fizge faifai ba a sallame shi ba, abin da ba baƙo ba ne a wajenmu. Faifan kan zauna da alamar cewa ba a rufe shi daidai ba. A kai shi Windows a ba da chkdsk D: /f, a sa harafin faifan a madadin D. Akwai ntfsfix a Linux, sai dai ƙananan gyare-gyare kawai yake iyawa, bai kai chkdsk ba.

Sai izini na ainihi. A tsarin ext4 kowane fayil yana da mai shi, da rukuni, da sauran jama'a. Karatu lamba 4 ne, rubutu 2, aiwatarwa 1. Shi ya sa 755 ke nufin mai shi yana iya komai, saura kuwa sai kallo da shiga. Umarnin ls -l zai nuna maka wannan. Sabon faifan da aka yi wa ext4 yakan zama mallakar root, wato babban mai gudanarwa, sai kai mai kwamfutar ka kasa ajiye ko da hoto ɗaya. Umarnin sudo chown -R $USER /media/sunanka/faifan zai mayar maka da shi. Ka duba adireshin da kyau kafin ka danna. Ka kuma guji shawarar chmod -R 777 da ake yawan bayarwa: tana buɗe wa kowa komai, in kuma ta faɗa kan tushen tsarin, har sudo kansa sai ya daina aiki.

FAT32 da exFAT ba sa adana bayanin mallaka ko kaɗan, don haka chown ba ya tasiri a kansu. A lokacin ɗauri ake faɗin mai su, da zaɓi irin uid=1000, lambar da Ubuntu ke bai wa mai amfani na farko. Idan kuma fim ya ƙi shiga filash alhali akwai wuri, duba girmansa: FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabayit 4. exFAT, wanda ya shiga zuciyar Linux a 2019, ba shi da wannan iyaka.

Mai son faifai ya riƙa ɗauruwa da kansa kullum zai taɓa fayil ɗin /etc/fstab, kuma nan ne kuskure ɗaya ke hana kwamfuta tashi. Ka ajiye kwafinsa tukuna. Ka kira faifan da lambarsa ta UUID, domin sunaye irin sdb1 na sauyawa. Ka ƙara nofail don kada tashi ya tsaya ranar da faifan ba ya jone, sannan ka gwada da sudo mount -a kafin ka sake kunnawa.

Wani lokacin kuma manhaja ɗaya ce kawai ta kasa ganin filash. Manhajojin Snap da Flatpak a killace suke, sai ka ba su izinin faifan waje daga saitin manhajoji, ko ta Flatseal.

Bi tambayoyin a jere: ta gan shi? Wane tsari ne? Wa ya yi amfani da shi ƙarshe? Wa ya mallake shi? Fomatin sai bayan an amsa su duka, kuma kayanka na ajiye a wani wuri.