Bayis Ɗin Ƙaramin Injin Milin: Tace Gaskiya Daga Jita-Jita

Duk wanda ya sayi ƙaramin injin milin, wato injin nan mai wuƙa mai juyawa da ke sassaƙe ƙarfen da aka ɗaure a kan tebur, ba ya kwana biyu sai shawarwari sun yi masa yawa a kan bayis. Wannan ya ce a sayi babba, wancan ya ce na injin huda ma ya isa, wani kuma ya rantse in ba na kamfanin Kurt ba ne kuɗi aka zubar. A cikin maganganun nan akwai na gaskiya, akwai masu ƙamshin gaskiya, akwai kuma masu iya jawo wa mutum rauni.

Wadda ta fi yawo ita ce wai girman bayis shi ne ingancinsa, a sayi mai inci 6 a huta. Wannan ba haka ba ne. Bayis mai inci 6 an yi shi ne don manyan injuna irin su Bridgeport na Amurka, wanda nauyinsa ya kusa tan guda. Shahararren Kurt D688 ya haura kilo 30, tsawonsa kuma ya wuce santimita 40. Shi kuwa Sieg X2, ɗan injin nan da ake ƙerawa a Shanghai, wanda masu aikin sha'awa da yawa ke fara koyo da shi, gaba ɗayansa kilo 50 ne ko kusa da haka, faɗin teburinsa bai cika santimita 10 ba, tafiyarsa gaba da baya ma wajen santimita 10 ce. Ka ɗora masa wancan bayis, ka ɗora wa jaki kayan raƙumi. Rabin bayis ɗin zai yi reto a waje, bayansa ya riƙa dungurar ginshiƙin injin tun teburin bai gama tafiyarsa ba, tsayinsa kuma ya cinye ɗan filin da ke tsakanin wuƙa da tebur. Irin wannan inji mai inci 3 ne daidai da shi. Wanda ya ɗan fi shi, kamar Grizzly G0704, yakan ɗauki mai inci 4. A kuma lura, incin da ake faɗa faɗin muƙamuƙi ne, ba iyakar buɗewarsa ba. Kafin a biya kuɗi a auna teburin, a auna tazarar ramukan da ake ɗaure bayis a cikinsu, a nemi tsawo da tsayin wanda ake son saye.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta cewa bayis bayis ne, na injin huda ko na benci ma za su yi. Mai faɗin haka bai yi la'akari da inda ƙarfin aiki yake bi ba. A injin huda ƙarfin ƙasa yake dannawa, teburin na tallafe da aikin. A milin kuwa wuƙa daga gefe take cin ƙarfe, tana tura shi, tana girgiza shi, mai murɗaɗɗun haƙora ma jan sa take yi sama. Bayis ɗin injin huda ba shi da nauyi, muƙamuƙinsa mai motsi yana da sako-sako. Wuƙa tana iya fizge ƙarfen daga bakinsa, ta karye, gutsuren ya tashi ya sami fuskar mai aiki. Na benci kuwa haƙoran bakinsa ɓata aiki suke yi, kuma babu wani gefe nasa da aka wasa don ya zama ma'auni.

Akwai wata magana da sababbin shiga kan ɗauka ƙari ne, alhali gaskiya ce tsantsa: in aka matse bayis, muƙamuƙi mai motsi yakan ɗaga sama, ya ɗaga aikin tare da shi. Ɗagawar ba ta kai ido ya gani ba, amma ta isa ta sa fuskoki biyu na ƙarfe su ƙi fitowa daidai da juna. A nan ne ainihin bambancin bayis mai kyau da marar kyau yake, kuma a nan kamfanin Kurt, wanda aka kafa a Minneapolis a 1946, ya yi suna. A tsarinsa na AngLock, notin da sukuru ke turawa yana da karkatacciyar fuska da ke danna wani rabin ƙwallon ƙarfe a cikin muƙamuƙin, saboda haka duk turawar da aka yi gaba, wajen rabin ƙarfinta na danne muƙamuƙin ƙasa. Gwajin ba shi da wuya. Ka ɗora aiki a kan tagwayen sandunan nan madaidaita da ake sa wa a ƙarƙashinsa, ka matse, ka taɓa sandar da ke ɓangaren muƙamuƙi mai motsi. In tana zamewa, aikin ya ɗaga. Da agogon awo a saman aikin ma za ka ga allurar na tafiya yayin da kake matsewa.

To, ko hakan na nufin in ba Kurt ba sai a haƙura? A'a. Masana'antu da yawa a Sin da Taiwan da Indiya suna yin bayis a kan wannan tsari, kuma da yawansu sun ishi mai aikin sha'awa. Abin da yake gaskiya a sukar da ake yi musu shi ne ingancinsu ba ɗaya ba ne: biyu daga kwali iri ɗaya, ɗaya ya fito sumul, ɗaya a karkace. A masu arha akan tarar da yashin zubi a ciki, da kaifi-kaifi a gefuna, da rabin ƙwallon da ba a goge ba. A warware shi, a wanke da kananzir, a bi gefunan da dutsen wasa, a shafa giris a mayar. Sau da yawa wannan kaɗai ke mai da shi abin aiki. Wanda gadonsa ya fito ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tudu kuwa, wanki ba ya gyara shi, mayarwa ake yi.

Gindi mai juyawa, wanda 'yan kasuwa ke nunawa a matsayin garaɓasa, ba dole ba ne. Yana cin santimita 2 zuwa 3 na tsayi, yana ƙara wani mahaɗi da zai iya motsi, lambobin kusurwar da ke jikinsa kuma na kintace ne. A cire shi a ajiye sai ranar da aiki ya nema.

Haka nan batun cewa ƙaramin bayis marar dogon sukuru, wanda ake matsewa da alanki, na masu injin wasa ƙarfe ne kawai, ba gaskiya ba ne. A ƙananan injuna irin su Sherline da Taig da X2 yana cikin mafi dacewa, domin notinsa a karkace yake ja, gaba da ƙasa lokaci guda, kuma an wasa dukkan gefunansa har ana iya kwantar da shi ta gefe. Aibinsa saurin aiki: sauya girman buɗewa na ɗaukar lokaci, kuma sai an nemo masa 'yan maɗaurai da za su riƙe shi a tebur.

Saura jita-jita biyu da suka shafi amfani, kuma su ne ke sa a zargi bayis da laifin da ba nasa ba. Ta farko, wai sabon bayis da an ɗaure shi ya miƙe, balle in yana da 'yan maɓallan ƙasa masu shiga ramin tebur. Maɓallan kusantar da shi kawai suke yi. Dole a sa agogon awo a jikin muƙamuƙin da ba ya motsi, a tafiyar da tebur hagu da dama, ana ɗan bubbuga bayis ɗin har allura ta tsaya cik, sannan a ƙarasa ɗaure notuna a sake dubawa. Wannan muƙamuƙi shi ne ma'aunin duk aikin, kuma in da hali shi ya kamata wuƙa ta riƙa tura ƙarfe a kansa. Ɓarɓashin ƙarfe ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin bayis ya isa ya rushe wannan wahala, don haka a share tebur tas kafin a ɗora.

Ta biyu, wai a zura bututu a hannun bayis ko a doke shi da guduma don ya riƙe da kyau. Tsawon hannun da ya zo da shi an auna shi ne da ƙarfin da jikinsa zai ɗauka. Wuce haka na tanƙwara muƙamuƙin tsaye baya, yana lotsa aiki, yana cinye zaren sukuru, a na ƙarfen zubi mai arha ma yana tsaga shi. Gudumar da ke da gurbi a nan ita ce mai kan roba ko dalma, ita ma aikin ake ɗan bugawa da ita don ya zauna a kan sandunansa. Mai sayen na hannu ya duba tabon irin wannan matsi musamman: hannu a lanƙwashe, kan sukuru a daddauje, ko siririn tsagi a gindin muƙamuƙin tsaye. Ramukan da tsinin huda ya bari a gado muni ne kawai in ba su yi yawa ba, amma bayis mai tsagi a bar wa mai shi.