Injin Peugeot 504: Inda Ƙarfinsa Yake Da Inda Kuɗin Mai Mota Ke Zurarewa

Shekaru fiye da talatin motar Peugeot samfurin 504, wadda jama'a suka fi sani da suna Fijo, ta yi tana ɗauke da harkar sufuri da ta kasuwanci a Nijeriya. An fara ƙera ta a Faransa cikin 1968, kuma a shekarar da ta biyo baya ta sami lambar motar shekara ta ƙasashen Turai. Kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wanda aka kafa a 1972, ya buɗe masana'antarsa a Kakuri da ke Kaduna cikin 1975, daga nan kuma motar ta zama ta ma'aikatun gwamnati, ta kamfanoni, da ta direbobin doguwar tafiya tsakanin Legas, Ibadan, Anacha da garuruwan Arewa. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har wajen tsakiyar shekarun 2000.

A yau wasu motocin sun karɓe tashoshi, sai dai har yanzu ana ganin a-kori-kurar 504 tana jigilar hatsi da itace a kasuwannin ƙauye, kuma abin da ya raya ta shi ne injinta. Duk mai dukiyar da ya fahimci wannan inji ya fahimci galibin injunan fetur da ke cikin motocin hayarsa, domin ƙa'idar aikinsu ɗaya ce.

Inji ne mai shaƙar iska da kansa, ma'ana ba shi da na'urar turbo da ke cusa masa iska da ƙarfi. Idan fistin ya sauka cikin silinda, sai ya bar gurbi, nauyin iskar duniya kuma ya turo iska ta cike wannan gurbi haɗe da fetur. Wanda ya fi yawa a Nijeriya shi ne mai lamba XN1, mai silinda huɗu da girman cc 1,971, wato kusan lita biyu. Faɗin kowace silinda milimita 88 ne, fistin kuma yana tafiyar milimita 81 daga sama zuwa ƙasa. Ƙarfinsa ya kama daga na doki 93 zuwa 96, gwargwadon shekarar ƙira. Akwai ƙanensa mai cc 1,796. Gangar jikin injin ta baƙin ƙarfe ce, kansa kuwa, wanda kanikawa ke kira top silinda, na alminiyum ne. An kwantar da shi a karkace cikin motar, kuma sarƙa ce ke juya kamshaf ɗinsa, ba bel ba, saboda haka ba a san shi da matsalar tsinkewar bel ɗin taimin wadda ke kassara wasu injunan na baya-bayan nan ba.

Ƙarfin doki 90 da 'yan kai ba abin alfahari ba ne idan aka gwada shi da na injunan yau, waɗanda ke fitar da fiye da haka daga ƙaramar silinda. Amma injin da ba a matsa masa ba yana daɗewa. Shaida kan juriyar motar ita ce nasarar da direba Ove Andersson ya samu da 504 a tseren Safari na Gabashin Afirka cikin 1975, a kan hanyoyin da suka fi na karkarar Nijeriya muni.

Babban abin da ya sa injin ya dace da aljihun ɗan kasuwa shi ne yadda aka yi silindojinsa. Ba a cikin gangar jiki aka huda su ba. Kowace silinda bututu ne mai zaman kansa, wanda ake kira silif, ana zura shi a kuma zare shi, ruwan sanyaya inji yana kewaya shi kai tsaye. Idan inji ya gaji, ba sai an kai gangar jikin wurin masu gurza ƙarfe ba: a sayi sababbin silif da fistin da ringi, a zuba, inji ya koma kamar sabo. Wannan ne ya sa ake iya yi wa inji ɗaya garambawul sau da dama, kuma a kan wannan ciniki ne shaguna masu yawa suka tsaya a kasuwannin kayan mota irin su Ladipo a Legas, Nkwo a Nnewi, Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano.

To sai dai a nan ɗin ne rauninsa yake. Kowane silif yana zaune ne a kan siririn abin toshewa da ke hana ruwa gangarawa cikin baƙin mai, gasket kuma yana danne shi daga sama. Alminiyum ya fi baƙin ƙarfe saurin buɗewa idan ya ji zafi. Da zarar inji ya tafasa sau ɗaya ko biyu, kan injin na iya lanƙwasa, gasket ya ƙone, ruwa ya sami hanya. Alamomin ba su ɓuya: baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, farin hayaƙi ya riƙa fita daga salansa, ruwan lagireto kuma ya dinga raguwa ba tare da an ga inda yake ɗiga ba. Mota ta yi tafiya a haka, mital ɗin karanshaf ne zai biyo baya, kuma kuɗin gyara ya ninka.

Akwai kuma kuskuren da ake yi a gareji. Idan aka cire kan injin, wajibi ne a danne silif ɗin da ƙarfe da ƙusoshi kafin a juya karanshaf. Bakaniken da ya juya shi ba tare da yin haka ba, fistin zai ɗaga silif, abin toshewar ƙasa ya motsa, a mayar da komai a ɗaure, bayan 'yan kwanaki ruwa ya bayyana cikin mai. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan sabon gasket, alhali aikin ne bai yi ba. Ya kamata mai mota ya tambayi wannan tun kafin ya damƙa aikin.

Al'adar cire tamastat, wato ƙaramar ƙofar da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, ta yaɗu a garejin ƙasar nan bisa hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Hujjar ba ta da ƙarfi. Injin da ba shi da tamastat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, musamman da asubar hunturu, a wannan lokaci kuwa yana shan mai fiye da kima, ringi da silif suna ci. Abin da ke sa inji tafasa galibi shi ne lagireton da ya toshe, ko fanbel da ya saki, ko murfin lagireto da ya daina riƙe matsi. Ruwan rijiya zalla yana barin gishiri da tsatsa a cikin bututu, yana kuma cin alminiyum. Ruwan sanyaya inji na musamman ya fi tsada a ranar saye, amma bai kai kuɗin top silinda ba.

Tun da yake da iskar waje injin yake rayuwa, ƙura abokiyar gabarsa ce. Kafin lita ɗaya ta fetur ta ƙone sarai, tana bukatar iska kimanin lita 9,000. Duk wannan iska ta cikin matata guda take wucewa, kuma a lokacin hazo matatar kan cika cikin ɗan lokaci. Idan ta toshe, kafireto zai jawo mai fiye da yadda ya kamata, baƙin hayaƙi ya fito, fulogi ya yi baƙi. Idan kuma aka cire ta gaba ɗaya, kamar yadda wasu direbobi ke yi don mota ta “buɗe”, to ƙurar za ta shiga silinda ta riƙa gurzar ringi. A ɗauka cewa motar da ke zirga-zirga tsakanin Kaduna da Kano, tafiyar kilomita 460 zuwa da dawowa, ta ƙara shan lita biyu a kowace kilomita 100 saboda irin wannan sakaci. Asarar ta haura lita tara a rana. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Tudu ma yana da nasa tasirin. Irin wannan inji yana rasa kimanin kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, saboda iska tana raguwa. Motar da ta tashi daga Legas ta isa Jos, wanda ke kan tudu mai kusan mita 1,200, ta rasa fiye da kashi goma. Ba lalacewa ba ce, kuma babu dalilin a kwance kafireto a kanta.

Sauran kulawar ba ta da wuya. Injin yana ɗaukar baƙin mai kimanin lita huɗu, kuma motar haya tana bukatar juye da sabuwar filta a kowace kilomita 5,000. Bawul ɗinsa da hannu ake saita su, inji yana sanyi: milimita 0.10 ga na shigar iska, milimita 0.25 ga na fitar hayaƙi. Kwantak ɗin da ke cikin distributa yana ci a hankali, taimin ya goce, mota ta yi wuyar tashi da safe. Gurɓataccen mai, ko wanda aka haɗa da kananzir ko irin mai yawan sinadarin methanol da ya shigo ƙasar a farkon 2022, yana sa inji ƙwanƙwasa, yana kuma cinye robobin kafireto da na famfon mai.

Tsadar fetur ta sa masu motocin haya da dama sun karkata ga iskar gas ta CNG, musamman bayan shirin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023. Injin da ke shaƙar iska da kansa yana karɓar wannan canji cikin sauƙi, amma da sharaɗi. Gas ɗin yana cinye wani ɓangare na gurbin da iska za ta shiga, don haka ƙarfin mota yana raguwa da kimanin kashi goma, abin da mai ɗaukar kaya zai ji a hawan tudu. Bugu da ƙari, bawul ɗin fitar hayaƙi yana ɗaukar zafi fiye da yadda ya saba, tazararsa tana matsewa da wuri, kuma idan ta ƙare bawul ɗin ya ƙone. Motar da aka mayar kan gas tana bukatar a gyara mata taimin, a kuma riƙa duba bawul ɗinta akai-akai fiye da lokacin da take kan fetur.