Kasuwar Hasashe: Idan Ta Ɓaci, Wuyan Wa Za a Kama?

Akwai wata kasuwa a intanet da hajarta ita ce abin da zai faru gobe: wa zai ci zaɓe, wa zai ɗauki kofi, za a tsagaita wuta ko ba za a tsagaita ba. Mutum ya sayi ƙuri'ar "e" ko ta "a'a". Idan hasashensa ya tabbata, kowace ƙuri'a ta zama dala 1. Idan bai tabbata ba, kuɗinsa sun bi ruwa. Ƙuri'ar "e" da ake sayarwa santi 70 alama ce masu ciniki suna ba abin kashi 70 cikin 100.

Jami'ar Iowa ta Amurka ta buɗe irin wannan kasuwa a 1988 don bincike, ta ƙayyade wa kowa dala 500. Yau harkar tana hannun kamfanoni irin Polymarket da Kalshi, kuma a zaɓen shugaban Amurka na 2024 an juya sama da dala biliyan 3 a Polymarket kaɗai. Masu yabonta sun ce wanda ya sa kuɗinsa ba ya faɗin son zuciya, don haka farashinta ya fi jin ra'ayin jama'a gaskiya. Masu suka sun ce caca ce aka sauya wa riga.

Matsalar ta wuce suna. Kasuwar tana biyan wanda ya riga kowa sani, ba ta tambayar ta ina ya sani. A Oktoban 2025, sa'o'i kaɗan kafin a bayyana María Corina Machado ta Benezuwela a matsayin wadda ta ci kyautar Nobel ta zaman lafiya, sai kuɗi suka kwararo kan sunanta a Polymarket, har cibiyar Nobel da ke Oslo ta shiga binciken ko asiri ya fita. Abin da ya fi wannan muni, kasuwar tana iya biyan wanda zai haddasa abin da hannunsa. Wannan tsoron ne ya sa aka soke wani shiri na ma'aikatar tsaron Amurka a 2003, wanda zai ba da damar ciniki kan juyin mulki da hare-hare a Gabas ta Tsakiya. John Poindexter, shugaban ofishin da ya kawo shirin, ya ajiye aiki. Dokar Dodd-Frank ta 2010 kuma ta ba CFTC, hukumar Amurka mai sa ido kan irin wannan kasuwa, ikon hana ciniki kan ta'addanci da kisan gilla da yaƙi.

To, ya hukunci yake a aikace? A Janairun 2022 CFTC ta ci Polymarket tarar dala miliyan 1.4 saboda aiki ba rajista, kamfanin ya rufe ƙofa ga mazauna Amurka. A Nuwamban 2024 jami'an FBI sun shiga gidan shugabansa Shayne Coplan a New York, amma a Yulin 2025 aka rufe binciken ba tare da tuhuma ba. Bayan wata uku, kamfanin da ya mallaki kasuwar hannun jari ta New York ya sanar zai zuba har dala biliyan 2 a Polymarket. Kamfanin da ke jan irin wannan jari, tarar miliyan ɗaya da 'yan kai ba za ta hana shi barci ba. Sai ya lissafa ta cikin kuɗin gudanarwa.

Shi ya sa ake neman doka ta kai ga shugabanni su kansu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai sayar da asirin ofis yana da laifi, amma mutum ne ya zauna ya amince a buɗe ciniki kan mutuwar wani, mutum ne ya yanke shawarar kada a tantance masu asusu. An ga tasirin irin wannan hukunci a kasuwar kuɗin kirifto: a 2023 Binance ta amince da tarar dala biliyan 4.3, shugabanta Changpeng Zhao ya sauka, ya biya miliyan 50 daga aljihunsa, aka kuma ɗaure shi wata huɗu a 2024, ko da yake Shugaba Trump ya yi masa afuwa a 2025.

Doka mai haƙora za ta buƙaci abubuwa huɗu. A san kowane mai asusu da sunansa na gaskiya. A hana jami'an gwamnati da 'yan wasa da ma'aikatan kamfani ciniki kan abin da ke hannunsu. A haramta tambayoyin da ke sa ran wani a kasuwa. Sannan a sa sunan shugaban da zai amsa tambaya a kotu idan aka karya waɗannan.

Har yanzu ba a kai nan ba. Hukumar kula da caca ta Faransa ta sa an toshe wa 'yan ƙasar Polymarket a ƙarshen 2024, jihohin Nevada da New Jersey kuma sun shiga shari'a da Kalshi kan cinikin wasanni. Kafin a gama wannan ja-in-ja, duk mai waya da ke sha'awar shiga ya sani cewa wanda ke ɗaya ɓangaren cinikin yana iya kasancewa ya riga ya san amsar, kuma idan aka cuce shi, da wuya ya sami ofishin da zai kai ƙara.