Bogo: Gyaran magudana tun kafin hadari ya haɗo

Duk wanda ya saba cin kasuwar shanu ta ranar Alhamis a Bogo ya san Mayo Tsanaga. Da rani yashi ne zalla, yara na ƙwallo a ciki. Amma da zarar an tafka ruwa a duwatsun Mandara cikin watan Agusta, sai ka ga kogin ya taso ta Marwa ya nufo Bogo cike maƙil, ko da garin bai samu ɗigo ba. Daga nan ya gangara fadamar Maga, inda aka gina madatsar ruwa a 1979 don noman shinkafa.

Ke nan ruwa biyu ne ke samun gidajen Bogo: na sama da na tudu. Ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, da yawanta laka ce, wadda Fulani ke kira karal. Ita ce ke ba mu masakwa da rani, amma ba ta shan ruwa da sauri. Ruwa ya kwanta kwana uku a gindin katangar ƙasa, ai sai dai a ji rugum cikin dare.

Yankin ya sha gani. A 2012 aka saki ruwan madatsar Lagdo, Binuwai ya shiga unguwannin Garwa, ambaliya ta kai har Nijeriya, sannan gefen Maga ma mutane suka bar gidajensu. A 2020 gadar Palar ta Marwa ta karye. A 2024 Yagwa ta sha ruwa, a Satumbar shekarar kuma madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri.

To, 'yan'uwa, babu magidancin da zai tare mayo da hannu. Wannan aikin hukuma ne. Amma abin da ya fi kayar da ɗakuna, a ƙofar gida yake. Kwata ta toshe da leda da toka. An cike kududdufin da ke karɓar ruwan unguwa an yi fuloti. Wani ya ɗaga daɓensa ya juya wa maƙwabci ruwa. Kamaru ta hana leda marar kauri tun 2014, amma leƙa kowace magudana ka gani.

Mu da ke fatauci a Yawunde, Duwala ko Njamena, mun saba turo kuɗi bayan ɗaki ya faɗi. A juya lissafin. A turo tun Afrilu ko Mayu: a yashe kwata har inda ta fita unguwa, a yi wa gindin katanga siminti, a sake yaɓe, a gyara indararo. Buhunan hatsi da kayan shago a ɗora su kan katako. Takardun fili da na haihuwar yara a sa su sama cikin gwangwani. Bakin rijiya da na masai a ɗaga su, don in suka haɗu, amai da gudawa ke biyo baya.

Mai shirin sayen fili kuwa, kada ya saya da rani. Ya je ya gan shi a Agusta, ya tambayi dattawan unguwa inda ruwa ke bi.

Sannan kwata ɗaya ba ta gida ɗaya ba ce. A sami lawan ko jauro, a sa ranar aikin gayya, a kai maganar kwalbati ofishin magajin gari a ƙungiyance. Allah ya ba mu damina mai albarka.