Ko Kun Sani?

Yawancin motocin tokumbo da ke zirga-zirga tsakanin cikin garin Bauchi da Gubi suna iya faɗin ciwonsu da kansu. Tun daga 1996 doka ta tilasta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka ta zo da tsarin gano matsala mai suna OBD-II, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Akwai soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Idan fitilar injin ta kama, nan bakanike zai jona na'ura ya karanta lambar matsalar. P0420, alal misali, na nufin matatar hayaƙin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, ta rage aiki. Goge lambar kawai ba gyara ba ne, fitilar za ta dawo.