Sulhun Turawan da ya raba mana dangi

A 1939, Bafaranshe Marcel L'Herbier ya fitar da fim mai suna Entente cordiale, kan yadda Ingila da Faransa suka ajiye gaba, suka ƙulla yarjejeniya ranar 8 ga Afrilu, 1904. To me ya haɗa mu da shi? A cikin yarjejeniyar aka sake shata iyakar Najeriya da Nijar, don Faransa ta samu hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram da Tafkin Chadi. Ka bi titin Dambatta, ka wuce Kazaure da Daura, za ka tarar da shingen a Kwangwalam. Su sun shirya, mu kuwa aka raba mana dangi, ba wanda ya tuntuɓi kakanninmu. Mu haɗu a shiri na gaba.